Buhun Kan Allo a Makarantar Ba-Malam

Ku zamna, ku aje wayoyin nan tukuna. Kun taso tun daga Wurno kun iske ni Achida don in ba ku littafin dokokinmu ku ɗauki hotonsa, ku je ku buɗe taku makarantar. Zan ba ku. Amma kai mai jar hula, na ji abin da ka raɗa wa ɗan'uwanka bakin ƙofa, wai aikin ba shi da wuya tunda yara ne ke koyar da junansu, malam sai yawo bisa babur. Ban ji haushi ba. A'a, ƙarya nake, na ji. Shekara tara na yi ina wannan yawon, kuma akwai wani mutum a ƙasar Goronyo wanda har yau in mun haɗu kasuwa ba ya miƙo mani hannu. Shi ke da gaskiya. Ya ba ni amanar ɗansa, ban mayar mashi ba. Sai kun ji yadda anka yi kafin in buɗe maku littafin.

Sunana Ummaru, malamin firamare ne ni tun ina saurayi. Inda anka fara tura ni wani ƙauye ne na ƙasar Rabah, mu biyu rak da hedimasta, Malam Bawa, ga aji shida. Satin farko na yi ta kwarara ihu gaban allo, ranar Alhamis murya ta dishe. Malam Bawa ya kira wata yarinya 'yar aji biyar, ya ba ta ƙanana shida da tsakuwa cikin ƙoƙo, ya zamnar da su gindin dogonyaro, ya ce in tsaya nesa in yi kallo. Kafin a tashi, abin da na kwana huɗu ina fama sun kama shi. Kunya ta rufe ni. Ya ce, "Ummaru, wanda ya koyi abu jiya bai manta inda ya yi mashi wuya ba. Kai ka manta." Shekara bakwai na yi ƙarƙashinsa, Allah ya jiƙansa, duk abin da na iya a wagga sana'a daga hannunsa na ɗauka.

Da na aje aikin gwamnati sai na ga ƙauyukan da ke nesa da titi ba a samun malamin da zai zamna cikinsu. Ginin aji shina nan, awaki ke kwana ciki. Na ce bari in gwada abin Malam Bawa, amma ba tare da aji ba. A samu zaure ko rumfa, a tara yara goma sha biyu zuwa goma sha biyar, babban cikinsu ya zama monita ya riƙe karatu, ni in zagayo sau ɗaya a sati. Mutanen gari sunka yi mana dariya, sunka raɗa mata suna makarantar ba-malam. Sunan ya bi ta, mu ma munka karɓa.

Allon farko da hannuna na yi shi, kuma ku saurara, don ba za ku samu fentin allo a ƙauye ba. Ka samu fallen katako ka goge shi da yashi har ya yi sumul. Ka fasa tsofaffin batiran rediyo, ka daka baƙin cikinsu, ka kwaɓa da ruwan ƙaro. Shafi uku ake yi, kowanne ya bushe a inuwa. Ka shanya a rana ka ga ikon Allah, kafin wata ya cika duk ya ɓaɓɓare. Alli cikin gwangwanin madara yake zama, mai murfi, ga hannun monita kaɗai. Lissafi da karan dawa ake yi, a yayyanka tsawon yatsa, a ɗaure goma-goma da roba. Darasi kuwa bisa kwalin sabulu nake rubuta shi daki-daki, abin da monita zai fara da abin da zai biyo baya. Sai wani ɗan littafi da muke kira "mun kasa", inda suke rubuta duk abin da ya gagare su cikin sati, in na zo shi nake fara buɗewa. Na ƙarshe buhu. Awaki na son lasar ƙaro, ƙanana kuma na son shafa hannu, don haka in an tashi sai a lulluɓe allon da tsohon buhun albasa. Iyakar aikin buhun ke nan da farko.

Zaɓen monita shi ne sana'ar, sauran duk tarkace ne. Kada ku kuskura ku ɗauki wanda ya fi kowa ƙwaƙwalwa. Mai saurin ganewa ba shi da haƙuri, kafin yaro ya buɗe baki ya faɗa mashi amsa, ya haɗa da ranƙwashi. Ni hannu nake kallo. A wani ƙauye gabas da Rimawa, cikin ƙasar Goronyo, ba zan faɗi sunansa ba, na haɗa wani yaro mai shekara goma sha uku, Sanusi, da wani ƙaramin yaro, na ce ya koya mashi ɗebe bakwai daga ashirin da uku. Ƙaramin ya riƙe ɗauri biyu da kara uku, ya rasa inda zai samo bakwai. Sanusi ya harɗe hannuwansa a baya. Na ga yatsunsa na motsi, shina son ya fizge karan, amma bai fizge ba. Ya ce, "Ukku sun ishe ka? To ina za ka aro?" Can yaron ya kwance robar ɗauri ɗaya da kansa. Nan take na ce na samu monita.

Sati bakwai na yi ina horar da shi. Ba bulala. Ba a faɗin amsa sai yaro ya gwada sau uku. Wadda ta fi ba shi wuya ita ce ya tsaya gaban ƙannensa ya ce "ban sani ba, mu rubuta wa Malam." Ku da kuke da takardar kwaleji, ku faɗa mani tsakani da Allah, wa ya taɓa faɗin haka gaban aji?

Iyaye kuwa kowa da tasa. Wani dattijo ya leƙo rumfa ya duba kusurwa huɗu, ya ce ina bulala, na ce babu, ya ja hannun jikansa ya yi gaba. Wata mata ta kawo ɗiyarta Luba, ta ce ita ba ta neman komi sai yarinyar ta iya karanta rubutun jikin magani, don ta taɓa ba jinjiri na manya. Uban Sanusi, Malam Mamman, manomin albasa ne a fadama, mutum marar yawan magana. Na iske shi bakin rijiyarsa shina fama da injin ban ruwa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya goge hannu ga riga.

Ya ce, "Malam, ɗiyana ukku na, wanga shi ab babba. Shi ka riƙe mani inji. Na ba ka shi daga hantsi zuwa azahar. Abu guda nika so. Inda na bar shi da safe, nan zan iske shi."

Na ce, "In Allah ya so, Malam Mamman. Rumfa ce kawai, ga ta can bayan masallaci."

Munka yi musafaha, ya koma ga injinsa.

Lokacin dashen albasa na shekarar farko makarantar ta kusa watsewa. Yara goma sha huɗu sunka koma biyar, kowa an ja shi fadama. Na zo na iske Sanusi zamne ya buga tagumi. Na ce ni ba ni da dabara, makarantarku ce, ku zamna ku nemo. Da na dawo sati na gaba na iske rumfa cike. Luba ce ta kawo shawarar, sauran sunka yarda: ba za a ɗage buhu daga kan allo ba sai an cika, ko an ji dalilin wanda bai zo ba daga bakin mutanen gidansu. In ba a ji ba, monita da ƙafarsa zai je ya ɗauko shi, saura su zamna su jira. Don shaƙiyanci irin na yara sunka sa wa abin suna biko.

Wallahi ban taɓa ganin dabarar da ta ci kamar wagga ba. Sanusi zai je bakin gona ya durƙusa ya gaida mai gona, ya ce, "Baba, ɗiyan mutane goma sha biyu na can zamne suna jiran naka." Wane uba zai iya da wannan kunya? Sai ka ji an ce, "Kai, wanke hannu ka bi shi." Na ji daɗi, na yi alfahari, na rubuta ta doka ta ɗaya a littafin nan da kunka zo nema. Na kai ta sauran makarantu biyar da na buɗe daga baya, har wajen Taloka. Duk wanda ya tambaye ni sirrin makarantar ba-malam, buhu nake nuna mashi.

Wanda ya fi shan biko shi ne Haliru, ɗan wata tungar masunta da ke bakin gulbi, tafiyar rabin awa ta cikin gonakin dawa. Yaro ne mai son karatu, amma in kifi ya samu ubansa ba ya sakinsa. Sanusi ya taka wannan hanya har ya san kowane kututture.

Sai shekarar da daji ya lalace ta zo. Ba sai na yi maku dogon bayani ba, ku ma kun san abin da 'yan bindiga sunka yi wa ƙasar nan. Da farko labari muke ji daga nesa, sannan anka fara tare hanya, sannan gonakin da ke nesa da gari sunka gagari masu su. Makarantuna biyu sunka rufe don garuruwan sun tashi. Damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsawo, babur ba ya bin hanyar garin su Sanusi sai ranar kasuwa cikin ayari, wani satin ma ba a bi. Na koma koyarwa ta waya. Duk Litinin bayan azahar Sanusi zai ari wayar mai shagon caji, ya hau bisa tudun bayan gari inda ake samun sabis, ya karanto mani abin da ke cikin "mun kasa", in warware mashi.

Ranar Litinin ɗin da nake son ku riƙe, na zamna nan inda kake zamne, da takarda a hannu, na jera mashi duk abin da na ga ya dace da lokacin. Na ce a daina buga ƙarfen kiran yara, ƙararsa na kaiwa nesa. Na ce a bar rumfa a koma zauren liman, tsakiyar gari. Na ce a riƙa tashi da wuri, kada a bar ƙanana su koma gida su kaɗai. Na tambayi alli, ya ce saura rabin gwangwani. Har na ce ya riƙa karya shi biyu. Kun ji? Alli na tuna.

Da za mu aje waya ya ce, "Malam, dokokinmu hwa, suna nan yadda suke?"

Abin da ya zo mani a rai shi ne kada yara su ga ba na zuwa su sangarce, a fara duka, a fara faɗin amsa. Na ce, "Suna nan, Sanusi. Kada ka sassauta ko ɗaya."

Ya ce, "To, Malam."

Ranar Laraba Haliru bai zo ba. Babu wanda ya ji dalili. Abin da ba su sani ba, mutanen tungar sun samu labarin 'yan bindiga na zuwa, sun loda kwale-kwale tun asuba sun gangara gulbi, Haliru na cikinsu lafiya lau. Sanusi ya ƙirga, ya ga goma sha uku. Ya miƙa wa Luba gwangwanin alli, tunda ita ce mataimakiyarsa, ya ce kada a ɗage buhu sai ya dawo. Ya sa takalmi ya bi ta cikin dawa. Shekararsa goma sha shida a lokacin. Washegari maza sunka fita da gorori da adduna, sunka same shi gefen hanya, bai ko kai tungar ba. An yi mashi sutura kafin la'asar.

Sai ranar Asabar na samu motar da za ta shiga. Na sauka na wuce wurin zaman makoki. Malam Mamman na bisa tabarma, ya karɓi gaisuwata kamar ta kowa, ya ce mu duka munka yi rashi. Na ji wani a gefe na cewa har yanzu ba a san mi ya kai yaron hanyar tunga ba, ko kifi ya tafi saye, ko ƙuruciya ce. Ni na san abin da ya kai shi tun ina cikin mota, amma ban buɗe baki ba. Tsoro ne, ba ladabi ba. Na shafa fatiha na miƙe, na ce zan leƙa makaranta in kwashe kaya.

Na ɗauka zan iske zauren liman babu kowa. Na iske yara goma sha biyu zamne bisa tabarmi, kowa da ɗaurin karansa gabansa, shiru kamar masu jiran liman ya tada salla. Allo na jingine ga bango, buhu na kansa. Matar liman ta ce haka suke yi kullum tun ranar, su zo da hantsi su zamna, azahar su tashi.

Na ce, "Luba, mi kuke yi haka? Ɗage buhun nan."

Ta ce, "Malam, ba mu cika ba."

Na ce, "Haliru na nan lafiya, sun yi ƙaura. Ga dalili kun ji. Ɗage."

Ta riƙe gwangwanin alli da hannu biyu. Ta ce, "Shi ya ce kar a ɗage sai ya dawo."

Ba wai ba su san ya rasu ba. Sun sani sarai, gaban idonsu anka wuce da makara. Amma shekara uku na yi ina koya masu cewa makarantarsu ce, dokarsu ce, babba ba ya shigowa ya karya ta, kuma sun koya da kyau. Na taka har gaban allon, na kai hannu na taɓa bakin buhun, hannun ya ƙi. Taku ɗaya tsakanina da shi, ni da na haɗa allon da hannuna, na kasa.

Ashe Malam Mamman ya biyo ni, shina son ya karɓi jakar littattafan ɗansa. Ya tsaya bakin ƙofa ya dubi yaran, ya dubi allon. Ya ce, "Mi ya hana su karatu?"

Luba ta amsa. Ta yi mashi bayani tiryan-tiryan yadda na koya masu yin bayani, ba ta tsallake komi ba: buhu, ƙirga, biko, Haliru, safiyar Laraba. Ina kallon fuskarsa sa'ad da ya gane cewa ɗansa ba yawo ya tafi ba.

Ya ce, "Wa yak kafa wagga doka?"

Na ga Luba ta buɗe baki, don ita ta kawo shawarar tun tana 'yar shekara tara. Na riga ta. Na ce, "Ni na, Malam Mamman. Ni na rubuta ta. Ranar Litinin ya tambaye ni ko tana nan, na ce mashi kada ya sassauta."

Da ya zage ni ko ya ɗaga hannu, da na samu sauƙi. Ya ce, "Na ce maka inda na bar shi, nan zan iske shi." Iyakar abin da ya faɗa mani ke nan. Ya tuɓe takalmi, ya ratsa tsakanin yaran, ya kama buhun ya yaye. Rubutun Sanusi na ranar Talata na nan bisa allon, lissafi uku, biyu an warware, na ukun an bar shi don gobe. Malam Mamman bai iya karatun boko ba. Ya tambayi Luba ko hannun ɗansa ne, ta ce i. Ya tsaya gabansa kaɗan. Sannan ya ninke buhun huɗu ya sa a hammata.

Ya ce wa yaran, "Ku yi karatunku. Amma ɗan wani kar ya sake fita neman ɗan wani."

Ya fita, bai waiwaye ni ba.

Makarantar tana nan har gobe, Luba ta riƙe ta shekara biyu, yanzu wani ƙanen Sanusi ne monita, kuma uban ne ya kai shi da kansa, bayan ya ji na daina zuwa. A ranar da anka yaye buhun kuwa ni na warware masu lissafi na ukun, sannan anka rasa wanda zai goge allon. Ƙarshe Luba ta jiƙa tsumma ta goge, don ba mu da wani allon.

Ga littafin. Ku ɗauki hoton duk shafin da kuke so, akwai yadda ake haɗa kwali, akwai yadda ake gwada monita. Doka ta ɗaya na ja mata layi na soke ta, amma ban yage ta ba, ana iya karanta ta. Kai mai jar hula, matso, kai za ka karanta ta da ƙarfi kowa ya ji. In ka gama, ka rubuta mani dokokin da kunka shirya kafa wa ɗiyan mutane, mu bi su ɗaya bayan ɗaya, ka faɗa mani wa zai soke kowacce ranar da hanya ta hana ka zuwa.